Gurbi a Kan Babbar Tabarma

Litinin, 16 ga Agusta, 2004

Yau wata shida cif ina cin abinci da harshena. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da yara tarihi da lissafi, ko hula ba wanda ya taɓa ba ni. Yanzu don kawai ina juya maganar Mana Marit, baturiyar ƙungiyar agaji, zuwa yarenmu, ga hula, ga riga mai tambari, ga kati a wuya mai hotona. An rubuta a jikinsa: Florindo, Jami'in Haɗa Kan Al'umma. Matata Zulmira ta jujjuya katin ta ce, "Kai da ko takalmanka ba ka iya haɗa kansu wuri guda ba?" Shekara ashirin da shida da aure, bakinta bai dakushe ba.

Aikin bana ruwa ne. Bututai na can jibge a sito a garin Gleno, baƙar roba, tsawon kilomita huɗu. Ƙungiya ta ce ba za ta sauke ko ɗaya ba sai Unguwar Sama da Unguwar Ƙasa sun sa hannu a kan wace ce mai idon ruwan da muke kira Tsohuwa. Wa'adi ƙarshen Oktoba, ranar da Mana Marit za ta koma Norway. In ba a sa hannu ba, bututai su wuce wata gunduma inda mutane suka fi sauƙin kai. Takardun ƙasa kuwa sun hau sama cikin hayaƙin rikicin shekarar casa'in da tara, tare da sauran abubuwa.

Sau biyu Zulmira ke sauka Tsohuwa kullum. Jarka biyu, awa ɗaya da rabi. Gwiwarta ta hagu tana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na taɓa karɓar mata sau ɗaya, na dawo da rabin jarka da ciwon baya, matan gari suka yi mako guda suna da abin hira.

Alhamis, 19 ga Agusta

Taron bita a rumfar coci. Mana Marit ta zana bishiya a babbar takarda, ta ce saiwa ita ce sanadin matsala, rassa kuma sakamakonta. Wani dattijo daga Unguwar Ƙasa ya ɗaga hannu yana so ya san wace irin bishiya ce, kuma tana 'ya'ya? Na fassara mata cewa jama'a sun nuna sha'awa matuƙa.

Tana da kirki, irin kirkin da ke gajiyar da mutum. Daga littafi ta koyi Tetun, yaren hukuma, saboda haka tana magana kamar bishop.

Da ta tambayi wa ya san iyakar gaskiya, mutum sittin suka nuna wuri guda da haɓa: Katuas Mau-Kinta, dattijon da ke riƙe da maganar gari, wanda ya yi barci tun daga saiwa har rassa, bai farka ba sai da aka buɗe kwalin biskit. Ya ce zai faɗa, amma sai a kan babbar tabarma, gidaje bakwai na gari suna zaune. Mana Marit ta kusa rawa. Ta ce wannan shi ake kira amfani da tsarin gargajiya, kuma a Dili, babban birni, suna son jin haka.

Asabar, 21 ga Agusta

Ni aka sa in rubuta sunan wakilin kowane gida. Shida ba wahala. Na bakwai namu ne. Na rubuta sunana, da kyakkyawan rubutu.

Wanda ya saba zama yana Atambua, can tsallaken iyaka, shekara biyar ke nan. Gaspar. Uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara huɗu. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta neman 'yancin kai, da 'yan sa-kai suka shigo, shi ya zuba wa makaranta fetur, da gidan malami da ke manne da ita, wato gidana. Littafi ɗari huɗu da goma sha biyu. Wasu tun daga makarantar horar da limaman coci na ɗauko su, wasu na binne su shekara uku a cikin garwa saboda sojojin mamaya. Sun tsira daga sojoji da gara, ba su tsira daga ɗan uwana ba.

Ya isa. Kofi ya yi kyau bana.

Laraba, 25 ga Agusta

An shimfiɗa tabarma. Na je da rigar coci, na naɗe ƙafa a wurin gidanmu. Katuas ya dube ni ya daɗe. Mestre suke ce mini, wato malam.

"Mestre, ka gaji ne?"

Na ce a'a.

"Na ga ka zauna."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban ga abin da ya fi ba. Daga nan ya tauna bua, goron ƙasarmu, har bakinsa ya yi jajur, ya tofar, ya gyara murya ya fara. Mana Marit ta danna rikoda. Abin gwanin daɗi: daga dutse mai kama da bauna zuwa bishiyar da aradu ya raba, daga nan zuwa kabarin dokin wani kwamandan Furtugis. Kowane wuri da labarinsa. Ban taɓa sanin garinmu na da tarihi mai yawa haka ba, ni da na koyar da shi.

Juma'a, 27 ga Agusta

Kwana uku yana yi. Kaset tara. Abu ɗaya ya ɗan dame ni: dattawan unguwannin biyu ba wanda ya yi gardama ko sau ɗaya. Mutanen da kan yi faɗa a kan inuwar ayaba. Suna ta gyaɗa kai suna duban rufi. Mana Marit ta rubuta a rahotonta cewa an sami fahimtar juna irin wadda ba a taɓa gani ba.

Litinin, 6 ga Satumba

Mun fara bin iyaka da ƙafa, ni da ita da Anselmo direba, da 'yar na'urarta mai magana da tauraron ɗan'adam. Ni ke riƙe da rubutun kaset ina karantawa. Duk abin da tsoho ya ambata yana nan: ga dutsen, ga bishiyar. Kabarin dokin ma mun same shi, ko dai wani tudu da Anselmo ya rantse warin doki yake yi.

Anselmo ya ce, "Mestre, ni dai mota aka ɗauke ni in tuƙa. In ƙafata ta lalace, wa zai ba ni safaya?"

Laraba, 8 ga Satumba

Sau uku muka wuce akuya guda, baƙa mai farin kunne. Ta fara gane mu.

Alhamis, 9 ga Satumba

To.

Da hantsi muka gangaro ta bayan coci, muka bi shingen Tia Ermelinda, goggon unguwa, muka tsallake kwata. Ina karanta layin ƙarshe: "sai ka tsaya inda itacen lemo ke fuskantar ƙofa mai ƙusa uku." Na ɗaga kai. Lemona ne. Ƙofata ce, ƙusoshin ma ni na buga su, a karkace. Zulmira na zaune tana ɓare masara, ta dube mu, mutum uku da na'ura da laka har gwiwa.

"Sannunku da zuwa. Daga ina?"

Mana Marit ta fitar da taswirar a kwamfuta. Kamar bayan dodon koɗi: ta kewaye dutse, ta sake kewayewa, tana ƙanƙancewa, ta ƙare a bakin ɗakina. Tsohuwa ko kusa da layin ba ta zo ba. Anselmo ya yi dariya har ya zauna a kan kejin kaji.

Juma'a, 10 ga Satumba

Na same shi yana shan hantsi, yana cire ƙaya a tafin ƙafa. Na ce, "Katuas, iyakar da ka ba mu a ƙofata ta ƙare."

"Ashe na'urar baturiya tana aiki."

Na ce kwana uku yana shirga mana ƙarya a gaban jama'a. Ya ɓata rai, wai ƙarya? "Baƙo ya zo gidanka da kwano, sai ka sallame shi hannu wofi? Maganar baƙi na ba ku. Ga kyau, ga tsawo, ba ta cutar kowa. Furtugis ma ita muka ba su, suka tafi suna murna. Ta gida ba ta fitowa in akwai gurbi a tabarma."

Na ce ai na zauna.

"Kaza ma in ta ga tabarma hawa take yi. Tun kuna yara ubanku ya raba ku. Kai ya ba ka alƙalami ya tura ka waje. Gaspar ya ba shi kwandon bua na gidan ya zaunar da shi. Mai fita ba ya zama, Mestre, ko da Fafaroma ya zama."

Na san wannan. Tun ina ɗan shekara shida na sani. Duk wanda ke kan tabarmar nan ya san na sani, shi ya sa suke ta duban rufi. Ni na ɗauka katin wuya ya canja wani abu.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun ranar farko. Ya ce ya faɗa, ya ce ya ga na zauna. Sauran kuma ya bar wa ƙafafuna, tunda an ce masu karatu ba sa ji da kunne.

Talata, 14 ga Satumba

Na gaya wa Mana Marit komai, har da littattafan. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai. Sannan, da yake ita ce, ta fito da dabara: a aika Atambua Gaspar ya dangwala yatsa a takardar wakilci, ya naɗa ni. Ta buga takardar da hatimi biyu. Na kai wa Katuas. Ya shinshina ta, ya ce takarda mai kyau ce, zai naɗe taba.

Asabar, 18 ga Satumba

Dabarata ce wannan, ba zan ɗora wa kowa ba. Akwai hoton Gaspar na ranar aurensa a wurin surukansa. Na aro, na kai wa Katuas, na ce a jingina shi a gurbin.

"Hoto yana tauna bua?"

Na ce to da ya mutu fa? Ya ce da an huta, sai ɗansa ya zauna. Na ce ɗan ma yana Atambua. Ya ce, "Ka ga ashe hanya ɗaya ce, mota ɗaya ta ishe ka."

Lahadi, 26 ga Satumba

Fada ya yi wa'azi a kan yafiya, yana kallona. Ko dai ni nake jin haka. Na ƙirga ƙusoshin rufin coci, tamanin da shida ne a ɓangaren hagu.

Alhamis, 30 ga Satumba

Zulmira ta zame a gangaren Tsohuwa. Jarka ɗaya ta fashe, gwiwa ta kumbura kamar gwanda. Mata biyu suka rako ta. Ina shafa mata man kwakwa ina bayani a kan yadda ƙungiya za ta iya ɗaga wa'adi in an rubuta wa Dili da hujja mai ƙarfi. Ta bar ni na kai aya.

"Ɗari huɗu da goma sha biyu. Na san adadin, Florindo, kowace shekara kana karanta mini shi kamar addu'a. Ni ma gidana ne ya ƙone. Keken ɗinkina yana ciki, ka taɓa jin na ƙirga shi? Ba cewa na yi ka rungume shi ba. Ɗauko shi ka ajiye a tabarma kamar buhun masara, in an gama ka mai da shi. Ko kuwa ka ɗauki jarka daga gobe, kai da littattafanka."

Na ce ba ta fahimci girman al'amarin ba. Ta ce ƙwarai, ita gwiwa ta fahimta.

Juma'a, 1 ga Oktoba

Na ɗauki jarka.

Talata, 5 ga Oktoba

Kwana biyar ina ɗauka. Matan gari sun raɗa mini suna, ba zan rubuta shi ba. A hanyar hawowa na yi wani nazari mai zurfi a kan bambancin yafiya da jigila: kawo mutum a mota ba yafiya ba ne, sufuri ne. Na gaya wa Mana Marit ta nemo mana takardar tsallake iyaka.

Laraba, 13 ga Oktoba

Atambua. Mun kwana a Batugade, garin bakin iyaka, muka tsallaka da safe. Na shirya jawabi shafi uku, na haddace shi a mota har Anselmo ya fara taya ni wasu wuraren.

A bakin titi na same shi, gaban wata rumfar kwano, yana sayar da fetur a kwalabe. Bai canja sana'a ba ke nan, sai dai yanzu ana biyansa. Ya rame, haƙoran gaba biyu sun tafi, ya koma kamar Baba sak, abin da ban shirya masa ba. Ya miƙe da mazurari a hannu.

"Alin. Ka yi ƙiba." Alin, wato ƙane.

Shafi uku. Abin da ya fito daga bakina: "Kai kuma ka tsufa."

Matarsa Domingas ta kawo kofi marar daɗi, tana ba da haƙuri, wai na nan ba kamar na gida ba. A cikin ɗakin na hango shi rataye a jikin azara, an naɗe shi da tsohon zane: kwandon bua na gidanmu. Wato a ranar da komai ke ci da wuta, ya sami hannun ɗaukar kwando. Na faɗa masa haka. Ya ce kwando aka ba shi ya tsare, ba littafi ba.

Na tambaye shi me ya sa. Shekara biyar ina tsara masa amsoshi, wasu har da hawaye, wasu na mugunta tsantsa, kowacce na tanadi martaninta.

"Jarka aka miƙo mini aka ce zuba. Na ga abin da aka yi wa wanda ya ƙi. Na zuba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. So kake in ƙara maka?"

Can ya ce bai san littattafan suna da yawa haka ba. Wai shi a ganinsa duk iri ɗaya ne.

Na gaya masa batun Tsohuwa da bututai da gwiwar Zulmira. Ya ce in ya taka garin kashe shi za su yi. Na ce ba su da lokaci, suna ɗiban ruwa. Ya yi dariya ta gurbin haƙoran nan, sannan ya daina. Ya ce a ba shi mako guda.

A hanyar dawowa Anselmo ya ce, "Mestre, jawabin fa? Ni wurin 'ya kai maci amanar jini' na fi so." Na ce ya kalli hanya.

Laraba, 20 ga Oktoba

Ya zo, da izinin kwana talatin, da jaka ɗaya da kwando. Zulmira ta shimfiɗa masa a ɗakin ajiyar kofi. Ba su gaisa sosai ba, amma na lura kwanonsa ya fi nawa wake.

Asabar, 23 ga Oktoba

Tabarma. Wannan karon a baya na tsaya, wajen masu fita, kusa da Mana Marit da kaji.

Kafin a zo kan ruwa sai da aka zo kan Gaspar. Ya tsaya ya faɗi abin da ya yi, gida-gida, bai rage ba. Jini dai ba ya hannunsa, kowa ya shaida, in ba haka ba da ba tabarma za a shimfiɗa masa ba. Mutane suka yi ta magana, wasu da zafi. Tia Ermelinda, wadda rumbunta ya ƙone, ta rarrafo ta cire silifa ta zabga masa uku a kafaɗa. "Ɗaya ta masara, ɗaya ta wake, ɗaya don ka tafi ba sallama, ɗan banza!" Sannan ta zauna tana kuka tana riƙe da ƙafarsa. Da aka zo kaina, Katuas ya ce Mestre na da magana? Na ce na riga na yi tawa a Atambua. Anselmo ya yi tari.

Hukunci: akuya ɗaya, kuma shi zai haƙa ramin bututu daga Tsohuwa har makaranta.

Sai ya zauna a gurbin. Ya kwance kwandon, ya miƙa wa gidaje shida bua, kowa ya karɓa ya tauna. Katuas ya nuna rikoda da haɓa, Mana Marit ta kashe. Ya nuna aljihuna. Zulmira ta zare alƙalamin da kanta.

Minti ashirin kacal. Ba dutse mai kama da bauna, ba doki. Dattawa suka yi gardama sau biyu, da ƙarfi, har hankalina ya kwanta. Ba zan rubuta maganar a nan ba. Ban taɓa jin abu na ƙi rubutawa ba sai yau, kuma hannuna yana ƙaiƙayi. Abin da aka yarda a fitar waje shi ne: Tsohuwa ba ta kowa ba ce, su ne nata. Unguwar Sama ke share mata kai, Unguwar Ƙasa ke kai mata masarar farkon girbi, gidanmu ke tsayawa tsakani in an saɓa. Mutanen nan shekara biyar suna hararar juna a kan abin da duka sun sani, don kawai babu mai tsayawa tsakani.

Bayan an tashi, Katuas ya ja Gaspar gefe, baki a kunne, ya fi awa. Wai tsufa ya zo, dole magana ta sami wurin kwana. Wanda ya ƙone laburaren gari shi aka mai da laburaren gari. Allah ma yana da barkwanci, sai dai ba ya tuntuɓar kowa.

Litinin, 25 ga Oktoba

Fom ɗin ƙungiya yana da akwati: Sunan Mai Mallaka. Mana Marit ta tauna bayan biro ta daɗe, sannan ta rubuta: Tsohuwa. A ƙasa ta jera unguwanni biyu a matsayin masu kula. Dattawa suka dangwala.

Laraba, 27 ga Oktoba

Dili sun kira ta a rediyon mota. Wani saurayin jami'i yana so a ba shi lambar wayar mai mallakar, kuma me ya sa ba ta sa hannu ba? Ina tsaye na ji Mana Marit, da Tetun ɗinta na bishop, tana cewa baiwar Allah ba ta da waya, ba ta kuma iya rubutu ba, amma kullum tana gida, yana iya zuwa ya same ta, ya taho da takalmin laka. Daga nan ta koma Turanci, murya ta hau. Anselmo ya ce bai ji ko kalma ba amma ya tausaya wa yaron.

Wata takwas da muka yi muna koya mata gari bai tafi a banza ba.

Alhamis, 28 ga Oktoba

Manyan motoci biyu. Baƙar roba har sama. Gari ya fito kamar an kawo amarya.

Asabar, 30 ga Oktoba

Bankwana. An yafa mata zanen saƙa har bakwai, gida-gida, ta koma kamar rumfar kasuwa. Katuas ya ce a gaya mata ta tafi da kaset tara ɗin, maganar baƙi ce mai kyau, kada ta lalace. Ta ce za ta saurara in sanyi ya hana ta fita. Ta yi kuka. Ni ƙura ce ta shiga idona, kwalta ba ta iso garin ba tukuna.

Talata, 2 ga Nuwamba

Ranar matattu. Kowa ya tafi kabari da furanni da kyandir. Na iske an riga an nome na Baba da na Inna, an jera fararen duwatsu. Gaspar ya tsaya can gefe, ni nan gefe. Ashanata ta jiƙe, ya miƙo tasa. Iyakar hirar ke nan.

Laraba, 10 ga Nuwamba

Yana haƙa tun fitowar rana. Hukuncinsa shi kaɗai ne, amma jiya na ga mutum tara a ramin, yau sha huɗu, kowa na cewa wucewa yake yi. Ni duba aiki nake zuwa yi, a matsayina na jami'i. Ya ce, "Alin, in za ka tsaya a nan, riƙe mini igiya." Na riƙe. Ya ce na riƙe ta kamar mai riƙe da maciji. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Da muka zauna cin dafaffiyar masara ya tambaye ni ko cikin littattafan akwai mai labarin jirgin ruwa, wanda na taɓa karanta musu shi da Inna a lokacin hutu. Na ce akwai. Ya ce bai taɓa jin ƙarshensa ba. Na ce ai da ya tambaya kafin ya zuba fetur. Ya ce haka ne.

Na ba shi rabin labarin. Aiki ya tashi.

Talata, 16 ga Nuwamba

Ruwa.

Da farko famfon ya yi tari, ya yi gyatsa, ya tofo laka a rigar Fada. Sannan ya zo, fari, mai sanyi. Taku talatin daga ƙofarmu. Zulmira ta cika jarka, ta zubar a gindin lemo, ta sake cikawa, don kawai ta ga ya cika. Na ce mata a taron bita an yi gargaɗi a kan ɓarnar ruwa. Ta watsa mini.

Alhamis, 18 ga Nuwamba

Gobe izininsa ke ƙarewa. Anselmo zai kai shi iyaka da safe. Ya ce zai yi shawara da Domingas, wataƙila su dawo bayan girbi, wataƙila a'a, don ba su da inda za su sa kai a nan, filinsa an yi kasuwa a kai. Ba ruwana. Sufuri ne, an gama.

Da yamma na sare ayabar bayan gida, duka goma sha ɗaya. Na daɗe ina zargin cuta ta kama su. Zulmira ta fito ta tsaya tana kallo, ta ce ita lafiyarsu ƙalau ta gani, biyu ma sun kusa nuna. Na ce ba ta karanci aikin gona ba.

Ta taka wurin daga shinge zuwa shinge, tana ƙirgawa a fili, da gwiwar nan tata. Taku tara a bakwai.

"Ɗaki biyu da madafi," in ji ta, ba ni take kallo ba.

Na ce ni ayaba na sare.